Kalmar da Na Haɗiye a Bakin Rijiya

Da ana mayar da magana ciki, da na janye "shi" guda ɗaya na sa "kansa" a gurbinta. Karatuna bai yi nisa ba, izu ashirin ne da ɗan Buzancin da na tsinta wurin masu raƙuma. Amma ya isa in san "ya jefa shi" ba "ya jefa kansa" ba ne. Ba da jahilci na yi ba.

Wana mahaƙin rijiya ne. Shi da abokin aikinsa, wani Ba'adare mai raha, sun yi rani biyu suna haƙa arewa da Dakoro, gaba arba'in ba ruwa. Tun rasuwar matarsa wana ya daina hira da kowa. Wata rana da hantsi aka ciro shi daga ramin ba rai. Ba wanda ya gani sai wata tsohuwar Buzuwa mai kiwon awaki, ita kuwa ba ta jin Hausa. Mai gari ya sa aka kira ni in yi tafinta.

Ta nuna Ba'adaren, ta ce ya ba da baya yana warware igiya. Sannan ta ce wana ya jefa iman ɗinsa. A bakinsu iman shi ne rai, shi ne kai. Aikin ya koma kan mai yinsa ke nan.

Liman yana zaune gefen mai gari. Na san ba zai tsaya gaban gawar wanda ya kashe kansa ba. Ɗiyan wana uku suna bayan danga suna saurare.

Mai gari ya ce, "Malam ƙarami, me tsohuwa ta ce?"

"Ranka ya daɗe, ta ce ya jefa shi."

"Wa ya jefa wa?"

Na sunkuyar da kai. Jama'a suka juya suna kallon Ba'adaren.

Shi dariya ya fara yi, yana zaton wasa ne. "Haba ƙanena, ni da ko guga ba na jefawa sai da bisimilla? Buzancinka na sayen cuku ne. Sake tambayar iya."

Na sake tambaya, ta sake faɗin nata, na sake faɗin nawa.

Shaidar mace ɗaya ba ta kai a kashe mutum ba, sai aka kore shi. Liman ya sallaci wana. Daga baya na ji Ba'adaren ya zauna wajen garin Ɗan Gulbi, ba wanda ya sake yarda ya sauka rami in shi ke riƙe da igiya. Dakon ruwa ya yi har ya mutu.

Ɗiyan wana a gidana suka girma. Shahidi suke kiran ubansu. Duk sallar layya babban yana zama gabana ya ce, "Baba, da ba ka ji Buzanci ba, da jininsa ya tafi a banza." Sai in ce masa ya ci nama.

Sau uku ina kiransa ɗaki don in faɗa masa, sau uku ina aikensa duba dabbobi. Shi ya sa na ba takardar nan labarin. Wanda ta faɗo hannunsa, ya roƙa wa Ba'adaren nan rahama, shi bai yi komai ba. Amma don Allah kada ya kai zancen gaba. Yaran suna raye, rijiyar nan kuma ta ba da ruwa daga baya, a cikinta suke shayarwa.