Abin da Inna Ta Ce Kada In Faɗa Masa

A shekarata ta ƙarshe a jami'a, ɓeraye na yi wa bauta. Farare ne, duk mata. Malaminmu ya koya mana yadda ake tsaga cikin ɓera a cire mata jakar ƙwai, a ɗinke, a bari ta warke. Daga nan in ka saka mata namiji a keji, shurinsa take yi ta ruga lungu. Sai a yi mata allurar istirojin, sinadarin da jakar ƙwan take fitarwa, a jira kwana biyu, a ƙara mata wani sinadarin. Kafin la'asar, wadda a da take shuri ita ce za ta tsaya wa namijin cak, ta lanƙwasa baya, ta kawar da wutsiya. Malamin ya ce a can ƙasan ƙwaƙwalwa sinadarin yake buɗe hanya. Mu 'yan mata muka yi ta ƙunshe dariya cikin hijabi.

Bayan karatu na auri ɗan garinmu, wani ƙauye a ƙasar Bunkure, manomin tumatir da shinkafa a bakin kanal. Ni na zaɓe shi, kuma ina son sa. Muna da 'ya'ya mata biyu aka gano ƙari a cikina, aka yi mini aiki a Kano. Ranar da likita ya zo bayani maigidana ya koma gona, don ranar ce layinsu na samun ruwa. Ni da mahaifiyata, Inna, muka ji an cire jakar ƙwaina duka biyu.

Likita na fita Inna ta matse mini hannu. "Kul kika faɗa masa. Namiji in ya ji mace ta daina ƙwai, ya gama da ita. Ƙari aka cire, shi ke nan."

Na bi maganarta. Wauta ce, kuma da hannuna na yi ta.

Da na warke sai jikina ya mutu murus. Ba ƙiyayya ba ce, wallahi. In ya matso sai in ji tsokata ta ɗaure, ga zafi, in ƙagu ya tashi. Inna ta shiga aiko da kayan mata: gumba, tsimi, kazar da aka dafa da saiwoyi. Ni da digirin kimiyya na zauna ina ɗirkar tsimi kamar ban san abin da ya ɓace ba. Na san mace ba ɓera ba ce, amma na san inda gizo ke saƙar. Likita ma ya ce akwai ƙwayoyin da za su taimaka, sai dai a riƙa zuwa Kano ana duba ni. Wa zai kai ni? Shi. Kuma zai tambayi dalili.

Bai taɓa ɗaga mini murya ba. Sau biyu ya ce, "Maman yara, laifi na yi miki?" Na ce a'a.

Shekara biyu muna haka. Wani hantsi ya dawo daga ban ruwa, ƙafarsa duk taɓo, ya zauna a kan turmi ya miƙo mini takarda.

"Na lura in na matso kusa da ke kamar an kawo miki saƙon mutuwa," ya ce. "In riƙe ki alhali zuciyarki ta fita, zalunci ne. Saki ɗaya ne. Ki yafe mini."

Na buɗe baki zan faɗa masa gaskiya. Kunya ta riƙe ni, da tsoron ya ce shekara biyu ina yi masa ƙarya. Wata uku na yi idda a ɗakina, kullum ina cewa gobe, har ta cika.

Har yau ina son sa, kuma babu abin da zan yi da son. Kwanaki muka haɗu a kasuwar Kura, yana ɗaure kwandunan tumatir a mota. Ya tambayi yara, ya dube ni da zuciya ɗaya ya ce, "Yanzu dai hankalinki ya kwanta ko?"

Na ce, "Alhamdu lillahi."

Ya ji daɗi har cikin ransa.