Ranar da kalangu ya kira mu ba mu je ba

A shekarun da 'yan tare hanya, waɗanda muke kira zargina, suka addabi arewa, babu mai hankalin da zai wuce Mora shi kaɗai. Sai a taru a yi ayari, motar jandarma a gaba, kowa ya bi sahu. A irin wannan ayarin na je wani bikin kiɗa da aka shirya can cikin yashi, bayan Waza, inda ba ka ganin komai sai ƙaya. Ni ba don kiɗa na je ba, kada in yi muku ƙarya. Mahauci ne ni, ɗan mahauci, kuma duk inda mutane suka taru sai sun ji yunwa. Mu 'yan mayankar Garwa muka ɗauki kamiyo guda, babbar motar kaya, muka loda raguna da gawayi da yaji, za mu gasa soya, wato tsire.

Wanda ya je don kiɗa shi ne Baba mai kalangu. Ba shi ya haife ni ba, makaɗin mahautan unguwarmu ne, wanda ya yi wa mahaifina kiɗa tun yana saurayi har Allah ya yi masa rasuwa. Wasu samari 'yan boko daga Yawunde suka ji shi a kasuwa, suka nace sai ya hau dandamali. A lokacin kuwa an fara yi wa kalangu kallon tsohon yayi, kaset ya cinye mayanka. Don haka Baba bai ɗauki gayyatar da wasa ba. Ya ɗinka sabuwar riga, ya sake wa kalangun fata. So yake baƙi su gani da idonsu cewa mahautan Garwa suna da makaɗi, makaɗin kuma yana da jama'a.

Muka bar Garwa da sassafe, muka wuce Pitowa motocin auduga na ba mu hanya. A Marwa muka tsaya unguwar Domayo aka haɗa sauran motoci. Tafiyar ayari ba daɗi gare ta ba. Ba ka tsayawa don fitsari ya matse ka, amma idan tayar wani ta fashe, kowa ya tsaya, jandarma na zazzaga faransanci kamar mu muka shuka ƙusar. Da muka bar kwalta sai turi, mu sauka mu tura tamu, mu koma mu tura ta bayanmu. Baba yana bisa kaya tsakanin raguna, rungume da kalangu, yana ta yi mana tsiya.

"Kai, ɗan nan, haka ake turi? Ubanka da hannu ɗaya yake kayar da bijimi!"

"To Baba, sauko ka nuna mana."

"Ni baƙon gwamnati ne yau, ba na taɓa ƙasa."

A wurin bikin, Turawa da 'yan birni suka kafa tantuna kusa da dandamali. Larabawan Shuwa da Kotoko da Fulani kowa ya kama gefensa. Mu kuwa aka kora mu can ƙarshen fili saboda hayaƙi, muka kafa rumfar tamfol, muka haƙa ramin wuta. Daga can, mutumin da ke kan dandamali bai fi ɗan yatsa ba a ido.

To, ga abin da baƙi ba su sani ba, mu kuma da muka sani ba mu yi tunani a kai ba. A sana'armu makaɗi ne ke zuwa wurin mahauci. Yana tsaye a kanka kana fiɗa, ya buga takenka, wato kiɗan da ke naka kai kaɗai, kai kuma ka ɗaga wuƙa sama ka yi kirari, ka yanko masa tsoka. Mahauci ba ya barin nama ya bi makaɗi, abin kunya ne, ba a taɓa yi ba. Shi ya sa da aka zo ɗaukar Baba bayan la'asar, muka ce masa a sauka lafiya, kowa ya koma kan tsinkensa. Wallahi babu wanda ya ga laifi a ciki. A ganinmu ma girmama shi muka yi.

Sai lasifika ta ɗauko kalangu. Ban taɓa jin sa da girma haka ba, har cikin ƙirji. Ya fara da taken sarkin fawarmu. Sarkin fawa ya yi murmushi, ya ɗaga wuƙa daga inda yake, ya ci gaba da yanka. Baba ya ɗan saurara, yadda yake yi idan yana jiran kirari. Shiru. Ya kama taken wani, ya saurara. Shiru. Haka ya bi mu ɗaya bayan ɗaya, har ni, muna ɗaga wuƙaƙe cikin hayaƙi muna jin daɗi, ba mu tuna tsohon nan ko a kasuwa da kyar yake gane fuska ba. Abin da ke gabansa kawai taron baƙi ne zaune a kan yashi, sun yi tsit don ladabi, suna ɗaukar hoto.

Da ya gama da mu, kiɗan ya canza, ya yi nauyi. Na ɗan jima kafin in gane. Taken matattu ya shiga, mahautan da suka riga mu gidan gaskiya, waɗanda ba a ƙara buga nasu. Sarkin fawa ya daina yanka. Sai na ji na mahaifina.

Ban san lokacin da na bar wuta ba. Na keta fili a guje, riga duk maiƙo, wuƙa a hannu. Wani jandarma ya cafke ni, ina laifinsa, a zamanin zargina ga ƙato da wuƙa ya nufi Turawa? Na sakar masa ita, na kutsa har gindin dandamali, na ɗaga hannu haka nan babu komai, na kwarara kirarin mahaifina da iyakar muryata. Mutane suka ɗauka cikin wasan ne, suka kama tafi.

Baba ya juyo da kai wajen muryar. Ya ƙarasa taken har ƙarshe, bai rage ko bugu ɗaya ba, sannan ya rataye kalangu ya sauko. Na tare shi a matakala na kama hannunsa, hannun ya yi sanyi duk da zafin nan. 'Yan Yawunde suna ta yaba masa, shi ko kallonsu bai yi ba.

Na ce, "Baba, muna jin ka fa. Duk mun ɗaga wuƙa."

Ya ce, "Na sani, ɗan nan. Nama ba ya barin mutum."

Muka taka zuwa rumfa a hankali, yashi na cin ƙafarsa. Kunya da tausayi suka kama ni. Da muka kusa, ya tsaya ya numfasa, yana duban hayaƙinmu.

"Na kira masu rai duka, babu wanda ya taso," in ji shi. "Sai da na kira ubanka, shi da ke kabari, sannan ya aiko ka."