Darnin da Muka Gitta a Tsakar Gida

Kakar shekarar da aka sami mulkin kai motar majigi ta zo Tambuwal. Lokacin damina biyu ke nan ba na magana da wana. Kan rabon gonar ubanmu muka ɓata, muka gitta darnin kara a tsakar gida. Ɗakin Inna ya faɗa ɓangarensa. Ni kuwa na rantse ba zan bi ta ƙofarsa ba, don haka damina biyu ban durƙusa na gaida uwata ba. Tarinta kawai nake ji ta bayan kara.

Bayan isha'i aka kafa farin ƙyalle a filin makaranta. Ban san sunan wasan ba, ban kuma taɓa gamuwa da wanda ya sani ba. Wasu mutane ne masu dogayen riguna, wa da ƙane, sun gina katanga a gidan ubansu, tsohuwarsu na kwance. Mai fassara yana bayani da lasifika.

Sai wani mahauci ya ɗaga murya: "Kai jama'a, wanga gida mun san shi! Wa yak kai ma Turawa labari?"

Aka tuntsire da dariya, ana waiwayena. Can gefe na hango wana tsaye, ya riƙe sandarsa da hannu biyu. Na lalubi dutse na damƙe. Daidai inda ƙanen ya tsaya bakin katanga injin ya mutu. Aka watse ana gardamar wa ke da gaskiya, kuma ba na cikin ƙyalle ake nufi ba.

Na ji motar za ta Kebbe. Na ari keke na bi ta don in ga ƙarshen wasan, wuni guda ina tuƙi. Ina shiga fili na ga wana zaune a gaba, ƙafafunsa futu-futu da ƙura. Ban matsa ba.

Ƙarshen ba wani abu ba ne. Tsohuwar ta mutu, ƙanen ya ji kuka ta bayan katanga, ya zagayo ya tarar an riga an rufe mata fuska.

Da aka tashi wana ya wuce ta gabana, bai dube ni ba. Ya ce, "Tarin nan nata da jini yanzu."

Washegarin komawata na zare kara bakwai daga darnin, daidai faɗin mutum. Ban karya rantsuwa ba, ban bi ƙofarsa ba. Inna ta dube ni ta ce, "Ka rame."

Gonar kuwa har ya mutu ba mu daidaita ba.