Machteld da Fuskar Dattijo Oostwoud

A garin Enkhuizen, a zamanin da jiragen kamun kifi suka fi gidaje yawa, an yi wata mata mai suna Machteld. Mahaifinta mai zana hotuna ne a kan farantin jan ƙarfe, wanda ake shafa wa tawada a danna a kan takarda. Ba shi da ɗa namiji, don haka ita ya koya wa riƙon tsinken sassaƙa. Bayan rasuwarsa ta ci gaba da sana'ar, tana zana taswirar teku da jirage.

Mijinta Reynier masunci ne. Wata shekara 'yan fashin teku na Dunkirk suka kama jirginsu, suka tsare mutum talatin da ɗaya. Wata goma sha huɗu ba labari. Machteld ta rame har zoben aurenta yana zamewa daga yatsa.

A majalisar gari akwai wani dattijo, Sijbrand Oostwoud, mai ciwon ƙafa da taurin kai. Shi ya tafi Dunkirk neman sulhu don a sako su. Sau uku ana sallamarsa hannu rabbana, sau uku yana komawa. A na huɗu ya dawo da mutum ashirin da tara, biyu sun riga sun rasu a tsare. Reynier yana cikin waɗanda suka sauko, haƙoransa biyu sun zube, amma da ƙafarsa ya iso gida.

Matan gari suka yi ta kai wa dattijon cuku da kifi mai gishiri. Machteld kuwa ta ɗauki takarda da gawayi ta je ƙofarsa.

"Ranka ya daɗe, ban iya girki ba, tambayi mijina. Fuskarka na zo zanawa."

Dattijon ya yi dariya har da tari. "Wannan fuskar? Baiwar Allah, me mutanen gari suka yi miki?"

Ya dai zauna mata kwana uku, ƙafarsa a kan matashi, yana ta mita. Da ya ga zanen farko sai ya ɓata rai, domin ta goge masa tamoji, ta kuma gyara idonsa na hagu da ya lanƙwashe.

"Wane ne wannan ango? Mayar mini da kayana. A teburin sulhu da mutanen Dunkirk na samo rabinsu."

Ta mayar. Wata biyu tana duƙe a kan jan ƙarfe, layi bayan layi, har gashin gemu da lanƙwasar kwalar rigarsa. A ƙasa, inda aka saba rubuta kirarin manya da Latinanci, sai ta jera sunayen mutum talatin da ɗayan nan cikin ƙananan haruffa, har da biyun da ba su dawo ba.

Reynier ne ya juya mata injin dannawa. Da takardar farko ta fito, ya nemo sunansa da yatsa, don sunan nan kaɗai ya iya karantawa.

"Ga ni a ƙarƙashin gemunsa," in ji shi.

"Ka gode Allah ba a ƙarƙashin teku ba."

Dattijon ya karanta sunayen ɗaya bayan ɗaya. Da ya zo kan biyun da suka rasu, sai ya ce a fara kai wa iyayensu mata hoton.

Machteld ta yi aiki shekara ashirin bayan haka, har idonta ya gaza. An buga wannan faranti har layukansa suka suɗe, fuskar ta koma kamar ana hangenta cikin hazo. Jikokin masunta suka ci gaba da zuwa neman ko da mai dusashewar ne, ita kuwa tana zaune a bakin taga, tana tambayar kowa sunan kakansa.