Kanari Ya Daina Fito

Don Allah ku daina cewa iska ce ta mare shi. Ba iska ba ce, ba jifa ba ne, kuma ba raina kowa yake ba. Jijiyar da ke motsa naman fuska ce ta kumbura a bayan kunnensa, ɓarin hagu ya saki.

Kwandastan bas ne, a tasha Kanari ake ce masa saboda fito. In yana ƙofa direba ko madubi ba ya dubawa: gajeren fito a tsaya, dogo a tafi. Da leɓen nan yake ciyar da gidansa.

Rannan da safe ya kurɓi ruwa zai kuskure baki, ruwan ya zubo masa a riga. Matarsa ta ƙura masa ido.

"Maigida, rufe idonka in gani."

Na dama ya rufu, na hagu ya ƙi.

"Tashi mu je asibiti."

"In bar wa wa ƙofar? Masu jiranta sun fi kujerun motar yawa."

Ya fice tasha, ya kama ƙofar mota. Ba su yi nisa ba wata tsohuwa ta ce za ta sauka. Ya tattara baki, iskar ta sulale ta gefe, fuu. Mota ta wuce da ita.

"Kai ɗan nan, ni kake murguɗa wa baki?"

"Wallahi Inna ba ni ba ne."

"To waye, maƙwabcinka?"

Fasinjoji suka kwashe da dariya. Ya taya su da rabin fuska, tsohuwa ta ƙara fusata. Idon da ya ƙi rufuwa kuwa iskar hanya na ta yankarsa, hawaye shaa. Kafin rana ta take direba ya sauke shi.

Da ya je asibiti, likita ya ba shi magani da na ɗigawa a ido, ya ce yawanci fuskar tana komawa daidai, amma sai an yi haƙuri, kuma ban da tsayuwa a ƙofa.

Yanzu wani ne a ƙofarsa, fitonsa kamar na buta. Kanari ya kasa zaman gida. Yana tasha, ya zauna, ya miƙe, ya leƙa madubin motar mutane yana gwada leɓe. Direba ya ce masa, "Ran da fito ya dawo, ƙofarka ce." Bai ce komai ba a kan in bai dawo ba.

Ku da kuka taɓa kwana da ido a buɗe, ina kuke? Ku faɗa masa yadda taku ta ƙare. Ku kuma masu shiga motar nan kullum, bakinku lafiyarsa ƙalau, ku tambayi direba ina Kanari.