Waƙar Matar da Ta Zo Kusa da Ƙarshe

A shekarun da kuɗin mai suka fara shigowa, abokan karatuna duk suka nufi Kano da Legas, ni kuwa aka turo ni Zandam malamin gona. Ɗaki ɗaya aka ba ni a bakin gari, kusa da rijiya. Albashina na farko na kai shi Birnin Kudu na sayo rediyo mai kaset, wani tsohon abokina ya haɗa mini da kaset ɗin gasar waƙa ta ƙasashen Turawa. Kowace ƙasa takan turo mawaƙi guda, in an gama sai su ba juna maki.

Akwai wata mata a ciki da take rera tata a hankali, cikin yaren da har yau ban san ko na ina ba ne. Ita na fi so, ita ce kuma ta zo kusa da ƙarshe. Haushin hakan ya kama ni kamar ƙanwata aka yi wa rashin adalci. Abin da ya fi damuna, ba ni da wanda zan yi wa ƙorafi.

Ran nan bayan la'asar na ɗauki rediyon na kai majalisar mai unguwa. Ya saurara kaɗan ya ce, "Malam, wa take yi wa waƙar?"

Na ce ba kowa.

"To me aka ba ta? Doki ko riga?"

Na ce maki. Aka kwashe da dariya, wani ya ce a tambaye ni ko maki yana maganin yunwa. Na naɗe tabarmar kunya da hauka, na taya su dariyar, na koma ɗaki.

Wanda ya saurara da gaske wani dattijon makiyayi ne da yake shayar da shanu a rijiyar. Wata rana ina jin kaset ɗin a ƙofar ɗaki sai ya zo ya tsuguna, sanda a kafaɗa. Da aka wuce ta matar ya ce, "Malam, mayar da wannan." Na mayar. Ya girgiza kai ya ce, "Baiwar Allah nan ta yi rashi." Da na gaya masa yadda aka yi mata a maki, sai ya ce alƙalan ba su taɓa binne nasu ba.

Daga nan kullum in shanu sun sha sai ya zo. Ina ce masa Baffa, yana ce mini Malam, hirarmu ba ta wuce haka. Amma saboda shi nake ɗokin yamma.

Shekarar da damina ta gaza, ya zo ya ce za su yi kudu da shanu, yana so ya ƙara jin waƙar matar sau ɗaya. Na kunna, batir ya yi sanyi, muryar matar ta riƙa ja kamar ta namiji mai mura. Ya ce, "Wannan ba ita ba ce." Na ce ya yi haƙuri, gobe zan sayo sabo a Gwaram.

Washegari da hantsi na dawo da batir, na wuce rugarsu kai tsaye da rediyon a hammata. Na tarar da turaku da kashin shanu, tokar murhu da sauran ɗumi. Na daɗe a tsaye, ban kunna ba. Sai a lokacin na lura ko sunansa ban taɓa tambaya ba, balle in san wa zan ce a gaisar mini.