Dutsen Bakin Ƙofa da Na Mayar Tsakuwa

Ni ne da laifi, gara in faɗa tun daga farko. Ko me zan manta a duniya, ba zan manta Lahadin da aka zo neman wani dutse a ƙofar cocinmu da ke unguwar Galtimari, aka tarar na sa an farfasa shi ba.

A lokacin ni ne shugaban kwamitin gini. Karatuna bai yi nisa ba, amma muƙamin ya hau mini kai, har a gida sai an ce "Ciyaman" nake juyowa. Muna cikin gyaran coci ƙanin matata ya zo hutu daga Ingila, inda yake aikin jinya, tare da matarsa da jaririyarsu. Muna shan iska a tsakar gida sai ya ciro waya ya nuna mini cocin ƙauyen da yake zuwa sujada. Ginin dutse ne da ya yi baƙi, gansakuka ta ci rabinsa, ga hasumiya mai kusurwa huɗu, ga tagogi masu tsini, kaburbura sun karkace kewaye da shi. Ya ce ginin ya shekara ɗaruruwa, kuma hukuma ta sa shi cikin gine-ginen da take karewa, ko ƙusa ba ka bugawa sai da izini.

Na ce, "To fenti fa? Mutanen da suka mulki duniya sun rasa gwangwanin fenti?"

"Yaya, ko jemagun da ke cikin rufin ba a korarsu. Doka ce."

Na yi dariya har na ƙware. Jemage da lauya! Sai ya nuna mini dutsen bakin ƙofar, wanda ƙafafun masu ibada suka cinye tsakiyarsa ya koma kamar akushi. Wai baƙi na zuwa ɗaukar hotonsa. Na ce wato mutum da hankalinsa zai taso daga wani gari ya zo kallon rami. Ya buɗe baki ya ce, "Ai mu ma namu..." Ban bari ya ƙarasa ba, don ina da sauran barkwanci a baki.

Gaskiya muna da namu. Wani tsohon dutsen niƙa ne mai rami a tsakiya, kwance a ƙofar coci tun kafin in auro 'yar cocin in shigo cikinsu. Na tsane shi tun ranar da na yi tuntuɓe da shi cikin sabuwar babbar riga, a gaban ƙungiyar zumuntar matan coci. A taron kwamiti ban ambaci tuntuɓen ba. Labarin Ingila na bayar, na ƙara masa gishiri, na ce mu ba za mu zama cocin jemagu ba. Kowa ya yi dariya, ba wanda ya tambayi komai. Leburori kuwa murna suka yi, don a garin yashi irin namu tsakuwa abin nema ce. Suka sa guduma, suka zuba a kankare, muka shimfiɗa tayil mai sheƙi har kana ganin haƙoranka.

Ranar Lahadi bayan sujada ina tsaye a ƙofa ina jiran yabo, sai ga surukata rungume da jaririyar, mata na biye da ita suna waƙa da yarensu. Ta tsaya cak. Waƙar ta mutu.

"Ɗana, ina dutsen?"

"Mama, mun gyara wurin. Ba ki ga kyau ba?"

A nan, a gaban jama'a, na ji abin da ban taɓa tambaya ba. Mahaifiyarta ce ta taho da dutsen daga ƙauyensu na kan tsauni a kudancin Borno, ta ajiye shi a ƙofa don duk mai shiga ya fara taka gida. Kowane jariri na jinin ƙauyen sai an ɗora ƙafarsa a kai. Yanzu ƙauyen kufai ne, ba mai iya zuwa. Saboda dutsen nan aka ɗauko yarinyar tun daga Ingila.

"'Ya'yanka ma duk sun taka," in ji matata. "Kana can kana mitin."

Mai hankali da sai ya durƙusa. Ni kuwa na gyara hula na ce, "Mama, ai Allah ba ya cikin dutse."

Ta ce, "Na sani. Ba ya cikin tayil ɗinka ma."

Ƙanin matata ya matso ya raɗa mini, "Yaya Ciyaman, gara jemagun. Su ba su taɓa fasa komai ba."

Suka koma Ingila yarinyar ba ta taka komai ba. Na daɗe ina kumbura, ina gaya wa duk mai saurare cewa camfi na kawar. Amma duk Lahadi sai in ga tsofaffin matan suna tsallake tayil ɗin kamar wuta. Sai a lokacin na gane dalilin da ya sa Turawan nan suke hana buga ƙusa: sun san kowane coci yana da Ciyaman irina. Abin da ka tarar a ƙofar mutane, ka tambayi wanda ya ajiye shi kafin ka nemo guduma.

Wata Asabar na ɗauki gudumar da kaina, na ɓalle tayil ɗin tsakiya. Ga gutsattsarin dutsen nan baƙaƙe cikin siminti. Na ɓanɓaro guda ɗaya, bai fi ɗan yatsa ba, na nufi gidan Mama a unguwar Umarari. Na same ta tana tsince wake. Na cire takalmi, na cire hula, na durƙusa na ajiye shi a gefen faifanta.

"Mama, abin da ya rage ke nan. Ba don gyara na fasa shi ba, don ya taɓa kayar da ni ne a gaban mata. Ki aika wa jikarki ta taka. Ni kuma ki yafe mini."